Ya Mairam da Zayyanar Goni Dunoma

A Kanya Babba, in yaro ya sauke Alƙur'ani aka yi masa allon zayyana, kafin a fita da shi zagayen dangi sai uwarsa ta ja kunnen 'yan rakiya: a bi ta bayan masallaci, kada a kuskura a bi ta ƙofar Ya Mairam. Ba rowar tukuici gare ta ba, takan bayar, wani lokaci ma ta fi masu hali. Bakinta ake gudu. Za ta ajiye faifan da take saƙa, ta ce a miƙo allon, ta karkata shi wajen haske ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambayi wanda ya zana. In aka faɗi sunansa sai ta ce, "A gaya masa ya koma fentin ƙofar shago. Koren nan na gwangwani ne, igiyar nan kuma ta hau inda ya kamata ta nutse." Wata shekara ta sa wata yarinya kuka ranar walimarta. Uwar yarinyar ta zo har gida tana ruwan masifa. Mairam ta bari ta gama tsaf, ta ce ita ba ta kushe karatun yarinya ba, zanen ta kushe, kuma ko gobe aka kawo shi abin da za ta faɗa ke nan.

Tsofaffin garin sun ce ba a ƙasa ta tsinci halin ba. Ubanta, Goni Dunoma, mutumin Barno ne da ya biyo ta Gumel yana saurayi, ya sauka Kanya Babba da niyyar yin damina ɗaya, bai ƙara tashi ba. Ya yi gona, ya yi aure, ya rubuta Alƙur'ani da ka ba sau ɗaya ba. Amma a zamanin marubuta ba su yi wuya ba tsakanin Babura da Kazaure. Abin da ya fitar da sunansa zayyana ce. Alaramma zai gama rubutunsa ya bar gurabe, ya ɗauko warƙoƙin a gafaka ya kawo wa Goni ya sa musu ado: 'yan ƙwayoyin da ke raba aya da aya, da'irar da ke gefen shafi a kan kowane izu, da manyan zane huɗu da ake yi a farkon kowane rubu'i na littafin. Mutum ne mai ɗacin rai. Ba ya yabon aikin kowa, in kuma aka yabi nasa sai ya tambayi mai yabon me ya gani, ya tsare shi da ido.

Mairam ce 'yarsa ta fari. Bayanta aka yi tagwaye, Hassan da Hussain. Hassan bai kai yaye ba ya koma, uwarsu ta bi shi ba da jimawa ba. Tun Mairam ba ta iya ɗaura zani da kyau ba aikin launi ya dawo hannunta. Ita ke jiƙa bagaruwa da kashin maƙera a tukunya har tawada ta yi baƙi, ita ke niƙa jar ƙasa ta tace da tsumma, ita ke narka ƙaro ta gauraya don kada launi ya kakkaɓe daga takarda. Akwai wani ɗan dutse mai ruwan ɗorawa da ake kawo wa Goni daga kasuwar Kurmi, shi ma ita ke niƙawa. In ta gama sai ta jera 'yan kurtun launi a gabansa, ta koma bayansa ta durƙusa tana leƙe ta kan kafaɗarsa.

A nan ta koyi kallo. Ta ga yadda yake ɗora kwabo mai huji ya zagaye shi da alƙalami ya fitar da da'ira, sannan ya raba cikinta bai auna ba. Ta ga yadda yake barin siririn farin takarda tsakanin ja da ɗorawa don kowane launi ya sha iska. Ta ga igiyar zane tana hawa kan 'yar'uwarta, ta nutse ƙarƙashin ta gaba, ta sake hawa, ta kewaye shafi duka ta dawo inda ta faro ba ta tsinke ba. Alƙalamin kuwa bai taɓa ba ta ba. Sau ɗaya ta miƙa hannu, ya ce hannun da ke tuƙa tuwo ya tsaya a muciya.

Hussain ne Goni ya so ya koya wa, shi kuma Hussain jikinsa na zaure, hankalinsa na kasuwa. Wata rana Goni ya gama zanen wani alaramma, ya jingina da bango yana jiran ya bushe, sai Mairam ta ce daga bayansa, "Baa, a kusurwar nan ta hau sau biyu." Bai juyo ba ya kai mata bayan hannu, leɓenta ya fashe. Da ta dawo da abincin rana ta tarar ya ɗauko sabuwar takarda ya faro zanen daga tushe. Bai ce mata komai ba, ran nan ko bayan nan. Sai dai daga ranar, in ya gama warƙa yakan ɗaga ta sama da kafaɗarsa kamar mai dubawa a haske. In Mairam ta yi shiru sai ya ajiye. In ta yi gyaran murya sai ya sake dubawa. Hussain, da ake dukan yatsunsa kullum a kan layin da ya ƙi miƙewa, yana zaune yana ganin wannan. Kuma a kan allonsa ma takan yi gyaran muryar, ba don an tambaye ta ba, duk lokacin da ta yi kuwa sai bulala ta sauka.

Da Goni ya ji ƙarfinsa ya fara ja baya, ya daina karɓar aikin mutane, ya zauna zai yi wa kansa Alƙur'ani. Yana tsakiyarsa aka sa ranar auren Mairam. Babban zane na uku a kan Suratu Maryam yake faɗawa, kuma ita ta niƙa launinsa da lallen biki a hannunta. Sau ɗaya ta gan shi, ɗanye, jan bai gama bushewa ba: igiyoyi uku sarƙe da juna sun kewaye shafin, ciki gidaje kamar na dara, kowane gida da ɗan dagi a tsakiyarsa, a gefe kuma da'ira ta fito kamar wata ya leƙo ta bayan katanga. Ya ɗaga, ta yi shiru, ya ajiye. Washegari aka kai ta Roni.

A Roni ta yi zaman aure da Muhammadu Lawal, mai fasa dutse, mutum mai haƙurin da maƙwabta ke cewa Allah ne ya haɗa shi da daidai jarrabawarsa. 'Ya ɗaya ta rayu mata, Saude. Ta kama saƙar faifai, tana rina kaba da kanta, nata kuma ba ya kwana a kasuwa duk da ba ta iya daɗin baki ba. Takan zo ganin gida, amma Goni ya riga ya rufe littafin a gafaka ya rataye. Ita ba ta roƙa ba, shi bai tayar da maganar ba. Da ya rasu saƙo bai same ta da wuri ba. Ta iso an dawo daga maƙabarta, ta leƙa zaure ta ga ƙusar da gafakar ke rataye babu komai a kanta.

Hussain a lokacin ya zama dillalin riɗi, yana shiga har ƙauyukan Nijar, ya fi sanin kuɗin sefa a kan izu. Ranar rabon gado, a gaban liman, Mairam ta ce, "Hussain, ka riƙe gonar duka. Rabona na gidan ma ka haɗa. Warƙa ɗaya nake so, ta kan Suratu Maryam."

"Ya Mairam, Alƙur'ani ne fa, ba naman watanda ba."

"Ai ba ɗinke yake ba. Zarowa kawai za ka yi."

"In na zare miki tsakiyarsa, mai karatu ya iso wurin ya yi tsalle?"

Liman ya ce maganar Hussain ce a kan hanya, ba a raba Littafi. Mairam ta san haka tun kafin ta buɗe baki, kuma ganin ƙanenta ne da gaskiya ya fi hanawar ci mata rai. Ta koma Roni ba ta yi masa sallama ba.

Bayan rasuwar Muhammadu Lawal, Saude ta so ta tafi da ita Kano inda take aure. Mairam ta ce ba za ta je ta zauna a gidan da ba a ganin sama ba. Ta dawo gidan ubanta, ta tarar Hussain ya je Makka ya dawo, ya rushe zauren Goni ya yi na bulo, ya ja katanga ya ware mata ɗaki da ɗan tsakar gida, da ƙofarta daban. Haka suka zauna, ana jin tarin juna, ba a gaisuwa sai ta dole.

In azumi ya kama yakan sauko da littafin ya kakkaɓe. Sai ya aiko matarsa Bilqis, mace mai sanyin hali da ta gaji da zama tsakanin wuta biyu, ta ce, "Yaya, Alhaji ya buɗe gafaka, in za ki gani." Mairam ta yi alwala, ta zagaya ta waje ta shiga sabon zauren, ta zauna a bakin tabarma. Shi ke juya warƙoƙin, kuma da gangan yake sauri. In ta ce ya dakata sai ya ce ana jiransa a kasuwa. In ta miƙa hannu sai ya janye.

"Ka daina murza gefen da babban yatsa, kana cinye shi."

"Littafina ne."

"Na Baa ne."

"Baa ya bar wa wa?"

Kusan duk shekara maganar ke nan, kuma duk shekara takan je.

Abin ya faru ne a wata damina mai yawan ruwa. Kwanon zauren ya yi yoyo, danshi ya taɓa gindin gafakar, Hussain ya tsorata. Dama wasu ɗalibai daga Kazaure sun taɓa zuwa suka ɗauki hoton zanen da waya suna ta santi, ɗayansu ya ce masa tsohuwar takarda ba ta da tabbas. Shi kuma ya taɓa kai takardar filinsa wani shago a Kazaure aka rufe ta da leda a cikin inji, abin da suke kira laminatin, ta fito tana ƙyalli, ko ruwa aka zuba mata ba ya kama ta. Bai yi shawara da kowa ba. Ya zare manyan warƙoƙin zayyana huɗu, ya sa a aljihun babbar riga, ya hau mota.

Bayan 'yan kwanaki Bilqis ta zo, ba azumi ba ba komai ba, ta tsaya a bakin ƙofar Mairam tana murza gefen mayafi. "Yaya, ki zo ki ga wani abu. Amma don Allah ki taho da haƙuri." Hussain ba ya gida. Bilqis ta ce tun da ya dawo daga Kazaure bai ci abincin kirki ba, ya cusa wani abu a ƙarƙashin katifa ya hana a taɓa. Ta ɗaga katifar.

Mairam ta ɗauki ta sama. Santsi gare ta kamar farantin roba, ta ƙi lanƙwasuwa. Zafin inji ya narka ƙaron, jan ya malala ya cinye farin layin da ke tsakaninsa da ɗorawa, ɗorawar kuma ta dushe ta koma kalar ƙasa. Sannan ta dubi gefe. Don ledar ta samu bakin kamawa, kuma warƙar ta koma cikin 'yan'uwanta ba ta fi su girma ba, an datse takardar ta kowane gefe kamar faɗin yatsa. Igiyar waje ta tafi gaba ɗaya. Biyun da suka rage sun zama guntaye, kowace ta hau, ta nutse, ta faɗa bakin almakashi. Ta nemo ta Suratu Maryam. Da'irar gefen saura rabi.

Tana tsaye da ita a hannu Hussain ya yi sallama. Ya dubi matarsa, ya dubi katifar, ya ce wa Mairam, "Wa ya ba ki izinin shigar mini ɗaki?"

"Me ka yi, Hussain?"

"Gyara na yi. Yanzu ruwa ba zai ci su ba."

"Ruwa ya fi ka tausayi. Shi da gefe ɗaya zai ci."

"Ke da kika san komai, me kika taɓa zanawa? Faifai? Baa ya ga hannunki ya hana ki alƙalami. Da ya ga alheri a ciki da ya ba ki. Ni ya ba, ni ya bar wa."

"Ya ba ka don ba shi da wani namiji." Ta ajiye warƙar a kan gado a hankali, muryarta ba ta tashi ba. "Ku biyu aka haifa. Tun ina yarinya nake cewa ina ma Hassan ne ya zauna."

Bilqis ta yi salati. Hussain ya nuna wa Mairam ƙofa. Daga ranar ko gaisuwar dole ta ƙare. Ya kira magini ya ƙara wa katangar tsawo.

Mairam ta yafa mayafi ta hau mota zuwa Kazaure. Ta bi shagunan da ke da irin injin tana tambaya har ta samu wanda ya yi aikin, wani magidanci mai tabarau. Ta ce guntayen da ya datse take so.

"Ai na ƙone su, Inna. Na ga daga jikin Alƙur'ani suka fito, ban yarda su shiga shara ba. Tokar ma na binne."

"Ka iya ladabin toka, ba ka iya na takarda ba. Da tabarau ɗinka ba ka ga layi a wurin ba?"

"Na gani. Sai da na tambaye shi, na sake tambaya, ya ce in yanka. Da ta farko ta fito na ce mu tsaya, launin ya canja. Ya ce tunda an fara a ƙarasa, kada su bambanta." Ya nuna wani benci a bakin shagon. "Da na miƙa masa, a bencin nan ya zauna. Na rufe shago na je la'asar na dawo yana nan, ya kifa su a cinya."

Mairam ta dubi bencin. Ba wannan labarin ta zo nema ba, kuma ba ta ji daɗin samunsa ba. Ta gaya wa mai shagon hannunsa da na mahauci ɗaya ne, sai dai mahauci ya san gaɓa, ta fita.

Daga nan ta kai ƙara wajen liman, ɗan wancan da ya raba musu gado, ta ce a karɓe littafin daga hannun Hussain kafin ya ƙarasa shi. Liman ya ce ba shi da ikon ƙwace wa mutum abinsa. Amma magana ta riga ta fita. A majalisa, a wajen awon riɗi, har a bakin masallaci, mutane suka riƙa tambayar Alhaji Hussain wai da gaske ne ya kai Alƙur'anin Goni an yi masa aski. Mairam kuwa duk wadda ta zo sayen faifai sai ta ji labarin tun daga farko.

Kafin kaka Hussain ya ɗauki gafakar ya tafi da ita wani ƙauye a ƙasar Gwiwa, wajen Malam Daudu, wani Bafulatani mai karantarwa da yake sayen riɗi a hannunsa. Ya ba shi a gaban shaidu, ya ce waƙafi ne, Allah ya kai ladan kabarin Goni. Da ya dawo ya tsaya a tsakar gidansa ya ɗaga murya yadda za a ji a bayan katanga: "Bilqis, na kai shi inda mai gyaran murya ba za ta ƙara ganinsa ba." Bilqis ta ce daga baya, a ganinta ba don Yaya kaɗai ya yi ba. Tun ranar Kazaure bai iya kallon gafakar ba, in zai shiga zaure sai ya kau da kai.

Ya manta mota na zuwa Gwiwa. Da aka gama girbi Mairam ta ɗaure faifanta a buhu, ta hau mota zuwa Kazaure, ta sake wata, sannan ɗan acaba ya ratsa da ita gonaki har ƙauyen. Matar malamin, Fatu, ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo fura. Mairam ta ce ba fura ta kawo ta ba. Malam Daudu dattijo ne siriri, Hausarsa da ɗan karin Fillanci. Da ya ji ko 'yar wa ce, ya shiga ya fito da gafakar, ya ajiye a kan buzu a gabanta, ya koma gefe ya ɗauki carbinsa. Ta jira ya buɗe, bai buɗe ba.

"Malam, ba za ka juya ba?"

"'Yar Goni, kina da alwala?"

"Yanzu na yi."

"To ai kin fi ni sanin hanyarsa."

Ta kwance igiyar gafakar da kanta. Yatsunta sun yi kaushi da kaba, sai da ta goge su a zani kafin ta ɗaga warƙar farko. Launin yana da ɗan tudu, ana jinsa a ƙarƙashin yatsa, abin da duk shekarun leƙenta ba ta sani ba. A wurin ta wuni. Ta bi da'irorin izu sittin ɗin ɗaya bayan ɗaya, ba ta samu biyu da suka yi kama ba: wata kamar an yanka kuɓewa a tsakiya, wata kamar bakin rijiya da aka ɗaure da itace, wata ja ce zalla da ɗigon ɗorawa ɗaya. Na rabin farko ta san su, ita ta niƙa musu launi. Rabin baya ne ba ta taɓa gani a natse ba. A nan jan ya canja, ya yi ruwa-ruwa, da tsaki-tsaki a ciki, an niƙa da gaggawa ba a tace ba. Ta gane bayan tafiyarta Goni da kansa ya riƙa niƙawa, ko kuma Hussain. Gaba kaɗan zanen ya nuna hannun Goni ya fara rawa. Wajen ƙarshe ta samu wata da'ira da bakinta bai haɗu ba. Ta yi gyaran murya, sannan ta tuna babu mai sake dubawa.

Warƙoƙi huɗun nan Malam Daudu ya naɗe su daban a farin ƙyalle, don sun ƙi kwanciya cikin sauran. Ya tambaye ta ko ya kawo. Ta ce ya bar su inda suke. Maimakon haka ta tambayi inda yake ajiye gafakar, aka nuna mata kan buhun gero a jikin bango. Nan ta hau shi da faɗa a cikin gidansa: ko bai san gara ba, ko ya ɗauka littafin iri ne da za a shuka baɗi. Ta sa aka rataye shi a tsakiyar ɗaki, ta ce a riƙa shanya warƙoƙin a inuwa bayan damina. Fatu ta ce ita dai ba ta taɓa ganin baƙon da ya ƙi furar gida kuma yake shirya wa masu gida ɗaki ba. Suka yi cacar baki sosai, Mairam ta tafi ba ta bar mata ko faifai ɗaya ba. Shekara ta zagayo ta sake dawowa, Fatu ta share mata ɗaki tana gunaguni. Da labari ya kai wa Hussain ya aika a dawo masa da littafinsa. Malam Daudu ya ce a gaishe da Alhaji, a ce masa waƙafi ba ya komawa gida.

Bara bayan girbi, Mairam ta isa tasha ta tarar motar Kazaure saura mutum ɗaya ta cika. Wata mai goyo da ke bakin ƙofa ta fito, ta ce ita sai gefen taga don mota na sa ta amai. Mairam ta sunkuya za ta shiga tsakiya, sai ta ga wanda ke zaune a wurin. Hussain ne, zai je asibiti a duba ƙafarsa da ta kumbura. Ta tsaya. Direba ya ce in ba ta shiga ba sai ta jira wata, kuma bai san ranar cikarta ba. Ta shiga, ta ɗora buhun faifai a cinya, kafaɗarta na gugar tasa.

Mota ta tashi, ta yi nisa. Can Hussain ya dubi ƙeyar direba ya ce, "Direba, mutanen Gwiwa ɗin nan, ko suna shanya kayansu bayan damina?"

Direba ya ce shi bai taɓa zama a Gwiwa ba.

Mairam ta juya wajen mai goyon. "Baiwar Allah, ki gaya wa mai tambaya ana shanyawa. A inuwa. Kuma ba a kai shi wajen wanzami."

Matar ta dubi tsofaffin biyu, ta gyara goyonta. Mota ta faɗa wani rami ta fita. Hussain ya sake cewa, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Direba, huɗun nan fa, suna nan?"

"Ki ce masa suna nan. Ki ce ledar ta fara ɗagowa ta gefe. Danshi na shiga, ba ya fita."

Bai ƙara tambaya ba. A Kazaure ta riga shi sauka. Shi ya jawo ƙafar da ƙyar, sandarsa ta suɓuce ta gangara ƙarƙashin mota. Mairam ta janyo ta da bakin takalmi, ta bar ta a ƙasa inda hannunsa zai kai. Ya ɗauka ya nufi hanyar asibiti yana ɗingishi, ita kuma ta tsallaka titi wajen motocin Gwiwa, tana faɗa da wani ɗan kamasho da ya taɓa mata buhu.